Kula Da Ciwon Asma Lokacin Goyon Ciki

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin matan da ke fama da ciwon asma, da mazajensu, da iyayen miji, da unguwarzoma, da duk wanda ke da hannu wajen kula da mai juna biyu. Abin da ya jawo shi kuwa wani kuskure ne da ya zama ruwan dare. Da zarar mace mai asma ta tabbata ta sami ciki, sai ta ajiye maganinta, ko kuwa a ce ta ajiye, don tsoron kada ya taɓa abin da ke cikinta. Nufin mai kyau ne, amma ƙarshensa yakan zama da-na-sani. Ɗan da ke ciki ba shi da hanyar samun iska sai ta jinin uwarsa, saboda haka in numfashin uwa ya sarƙe, rabonsa na iska ya ragu ke nan. Binciken likitoci na shekaru masu yawa ya tabbatar da cewa haɗarin barin asma ba magani ya fi haɗarin maganin nesa ba kusa ba.

An ɗauko misalai daga Yola da Jimeta a Jihar Adamawa, domin garuruwan nan biyu sun haɗa yawancin abubuwan da ke tayar da asma a ƙasar nan, tun daga ƙurar hunturu har zuwa laimar bakin kogi da hayaƙin birni. Darasin kuwa ya shafi kowa, ko'ina yake zaune a Nijeriya.

1. MENE NE CIWON ASMA?

Iskar da mutum ya shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta shiga waɗansu ƙananan hanyoyi da suka rarrabu cikin huhu kamar rassan itace. Ga mai asma, bangon hanyoyin nan a kumbure yake daga ciki, ko da a ranakun da yake jin lafiya lau. In ya gamu da abin da jikinsa ba ya so, kamar ƙura ko hayaƙi, sai tsokar da ta kewaye hanyoyin ta tsuke, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Daga nan numfashi ya yi wuya, ƙirji ya ɗaure, a riƙa jin ƙara kamar fito in ana fitar da iska, ga kuma tari, musamman cikin dare ko da asuba. Wannan shi ne ake cewa asma ta tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a shekarar, yawancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda magani ke da wuyar samu.

Waɗansu kan kira asma fuka, wannan kuwa yakan sa a rikita ta da tarin fuka, watau tibi. Ƙwayar cuta ce ke kawo tibi, ana ɗaukarsa daga mai shi, kuma ana warkewa da magani na wata shida. Asma ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, sai dai takan bi jini a cikin dangi. Ba a raba mutum da ita kwata-kwata, amma ana iya danne ta har ya daɗe bai ji motsinta ba. Mai cikin da tarinta ya kai mako biyu, tare da zazzaɓi ko gumin dare ko rama, lalle ne a gwada kakinta. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe.

2. TSAKANIN CIKI DA ASMA

Ciki shi kansa yakan canja numfashi. Bukatar jikin mai ciki ta iskar oksijin tana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma yayin da mahaifa ke girma tana tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kamar santimita 4. Shi ya sa mata da yawa, har da waɗanda ba su da asma, kan ji haki. Hakin ciki ba ya zuwa da fito ko tari, kuma ba ya tayar da mace daga barci. In an ga waɗannan, to, sai a duba asma. Ƙarancin jini da ciwon zuciya su ma sukan kawo haki, don haka likita ne zai bambance.

A 1988 Dokta Michael Schatz da abokan aikinsa a Amurka sun buga sakamakon bin diddigin mata 330 masu asma a lokacin goyon cikinsu. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ciwon ya tsananta musu, kashi ɗaya cikin uku bai canja ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suka sami sauƙi. Babu mai iya yanke hukunci tun farko a kan rukunin da mace za ta faɗa, sai dai wadda asmarta ke da tsanani dama, da wadda ta sha wuya a cikin da ya gabata, sun fi zama cikin haɗari. Tashin asma ya fi yawa tsakanin wata na huɗu da na takwas, a watan ƙarshe kuwa yakan lafa. Ga yawancin mata, ciwon kan koma yadda yake a da cikin wata uku bayan haihuwa.

Asmar da ba a danne ba tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, da haihuwar jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, da hawan jini na masu ciki wanda kan kai ga jijjiga, wani lokaci ma har da mutuwar ɗa a ciki. Macen da aka danne asmarta kuwa, ana sa ran ta sauka lafiya kamar sauran mata.

3. MAGUNGUNAN ASMA

Babban makamin mai asma shi ne inhela, watau ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki a shaƙa. Iri biyu ne, kuma wajibi ne mai ciki ta san bambancinsu.

(a) Mai buɗe ƙirji. Maganin da ke cikinsa salbutamol ne, wanda aka fi sani da Ventolin, kuma yawanci shuɗi ne. Yana sassauta tsokar da ta tsuke cikin 'yan mintoci, aikinsa yakan kai kamar awa huɗu. Ba ya taɓa kumburin da ke ciki.

(b) Na rigakafi. Maganin da ke cikinsa beklometason ne ko budesonid, kuma sau da yawa launin ruwan ƙasa gare shi. Shi ke kwantar da kumburin. Ana shaƙarsa kullum, safe da yamma, ko da lafiya ƙalau ake ji, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai bayan kwanaki ko makonni. Akwai kuma inhelar da ta haɗa aiki biyun wuri ɗaya, kamar Symbicort, mai ɗauke da budesonid da formoterol. Launi ba abin dogara ba ne ƙwarai, domin kamfanoni sun bambanta. A karanta sunan da ke jikin kwali, ko a nuna wa malamin asibiti.

Mai buɗe ƙirji kamar tara ƙwarya ne a ƙarƙashin yoyo, na rigakafi kuwa kamar yaɓen rufin soro ne kafin damina. Wanda ya dogara da ƙwarya kaɗai, wata rana ruwan zai fi ƙarfinta. Tun 2019 ƙungiyar likitocin duniya mai tsara ƙa'idojin maganin asma, wadda ake kira GINA, ta daina ba da shawarar baligi ya dogara da salbutamol shi kaɗai.

Ko inhela na naƙasa ɗa? A 1999 likitoci a ƙasar Suwidin sun duba bayanan jarirai 2,014 waɗanda uwayensu suka shaƙi budesonid a farkon ciki. Waɗanda aka haifa da wata tawaya kashi 3.8 ne cikin ɗari, alhali a cikin dukan jariran ƙasar kashi 3.5 ne. Watau ko ba magani, akan haifi jarirai uku ko huɗu cikin ɗari da tawaya, kuma shaƙar maganin bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba. Salbutamol da beklometason su ma an shafe shekaru aru-aru ana ba masu ciki.

Mutane da yawa sun fi sakin jiki da ƙwaya ko maganin ruwa, suna ganin inhela ta wanda ciwonsa ya yi nisa ce. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Feshi ɗaya na salbutamol maikurogiram 100 ne, ƙwaya ɗaya kuwa takan kai miligiram 4, watau daidai da feshi 40. Feshi yana zarcewa huhu kai tsaye, ƙwaya kuwa sai ta bi jini ta zagaya jiki duka, ta sa rawar hannu da bugun zuciya. Saboda haka inhela ta fi dacewa da mai ciki. Har wa yau, inhela ba ta kama jiki yadda kayan maye ke yi. Wanda aka ga yana yawan ɗaukarta, ciwonsa ne ba a danne ba.

In asma ta tashi da ƙarfi, likita kan ba da ƙwayar furednisolon ta kwana 5 zuwa 7. Kada mai ciki ta ƙi ta. Mabiyiya tana kashe kaifin kusan kashi tara cikin goma na wannan magani kafin ya isa ga ɗa. Abin da ake hanawa shi ne sayen furednisolon ko dekzametason a kemis ana sha kullum ba da sanin likita ba, domin hakan na jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi.

Wadda ciki ya same ta tana shan wani maganin asma dabam, kamar montelukas ko aminofilin, kada ta bari da kanta, ta kai wa likita ya gani. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a rage maganin rigakafi a lokacin ciki, ko da mace ta sami sauƙi. Akan jira sai bayan haihuwa.

4. YADDA AKE SHAƘAR INHELA

Sau da yawa akan ce magani ba ya aiki, alhali a kan harshe yake tsayawa bai kai huhu ba. Ga yadda ake yi:

1. A cire murfi, a girgiza gwangwanin sosai.
2. A zauna a miƙe, a fitar da numfashi.
3. A sa bakin inhela a baki, a rufe leɓɓa kam.
4. A fara jan numfashi a hankali, a danna sau ɗaya, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika.
5. A riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, sa'an nan a sake shi.
6. In za a ƙara feshi, a dakata rabin minti, a sake girgizawa.
7. Bayan shaƙar na rigakafi, a kurkure baki a zubar, don kada baki ya yi fari ko murya ta dushe.

Akwai gorar shaƙa da ake haɗawa da inhela don magani ya fi shiga. In ba a samu ta saye ba, gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita ta wadatar. A wanke ta, a bar ta ta bushe, a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa shi ya zauna daram. Sai a sa bakin gorar a baki, a yi feshi ɗaya, a ja numfashi sau huɗu ko biyar. An gwada wannan dabara a kan yara a Afirka ta Kudu a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Inhela mai garin magani ba a haɗa ta da gora, ana zuƙarta ne da ƙarfi lokaci ɗaya.

A Yola zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Kada a bar inhela a rana, ko cikin mota a rufe, ko kusa da murhu, kuma ko ta ƙare kada a jefa gwangwanin cikin wuta. Gwangwanin salbutamol yawanci feshi 200 ne. Wadda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara, lalle asmarta na bukatar a sake dubawa.

5. MAGUNGUNAN DA ZA A KIYAYA

Asfirin da ibufurofen da dikulofenak sukan tayar da asmar waɗansu mutane, biyun ƙarshe kuma ba su dace da mai ciki ba, musamman daga tsakiyar ciki zuwa gaba. Farasitamol ya isa ga ciwon kai da ciwon jiki. Likita kan ba waɗansu mata ɗan ƙaramin asfirin don rigakafin jijjiga, saboda haka wadda asfirin ya taɓa sarƙe wa numfashi ta faɗa tun kafin a rubuta.

Daga cikin magungunan hawan jini, labetalol da furofuranolol suna tsuke hanyoyin iska. Akwai madadinsu, kamar metildofa da nifedifin, amma likita ba zai canja ba sai ya san mace na da asma.

Maganin tari ba ya maganin asma. Mai haɗe da kodin kuwa, Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayu na 2018. Jiƙe-jiƙe da hayaƙin magani da ake sa mace ta lulluɓa ta shaƙa su ma a guje su, domin ba a san adadin abin da ke ciki ba, hayaƙi kuma shi kansa abokin gaban asma ne. Duk maganin da za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wurin awo, a ci gaba da shansu yadda aka ce.

6. ABUBUWAN DA KE TAYAR DA ASMA

Kowace mai asma da abin da ke tayar mata, kuma ita ta fi kowa sanin nata. Ga waɗanda aka fi gamuwa da su a Yola da Jimeta:

Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan kwaso ƙura daga hamada, hazo ya rufe gari, ga sanyin asuba da mura. A rufe taga ta ɓangaren iska, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. In fita ta zama dole, musamman a Keke Napep ko cikin cunkoson kasuwar Jimeta, a rufe hanci da baki. Wadda watanninta na tsakiya za su faɗo cikin hunturu ta tanadi magani tun kaka.

Laima. Unguwannin da ke kusa da kogin Binuwai sun sha ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Bayan ruwa ya janye, bango da katifa da tabarma kan yi fumfuna, ita kuwa tana tayar da asma. A shanya kayan kwanciya a rana, a buɗe ɗaki ya sha iska, kuma wani ne zai yi aikin, mai ciki tana nesa.

Hayaƙin girki. Ɗanyen itace da gawayi da risho duk suna ba da hayaƙi. A yi girki a fili ko a madafi mai taga, da busasshen itace, in da hali a koma gas. Bandar kifi a bakin kogi da ƙona shara ko roba a ƙofar gida, a nisanta mai ciki da su.

Hayaƙin ɗaki. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da na fesawa suna cikin manyan masu laifi. Gidan sauro mai magani ya fi su kare mai ciki daga cizon sauro, kuma ba ya hayaƙi. Janareta a ajiye shi waje, nesa da taga. Taba da shisha ba su da wuri a gidan da ke da mai ciki, domin hayaƙinsu na rage girman ɗa, kuma yana ƙara masa haɗarin kamuwa da asma.

Ƙaiƙayi. Sussuka da sheƙar dawa da masara, da casar shinkafar da ake nomawa a fadamar Geriyo, aiki ne da ya kamata a ɗauke wa mai asma.

Dabbobi da ƙwari. Kyanwa da kaji da tantabaru kada su kwana ɗaki ɗaya da ita. A rufe abinci, a toshe ramuka don rage kyankyasai.

Ƙwannafi da toshewar hanci. Ciki kan ƙara su, su kuma sukan tsokano tari. A ci abinci kaɗan-kaɗan, kada a kwanta da cikakken ciki, a ɗaga matashi, a kuma faɗa wa likita in abin ya yi yawa.

Guje wa waɗannan yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya ɗauke wa mace shaƙar maganin rigakafi.

7. AWON CIKI

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin wata ukun farko. Mai asma ta je da inhelarta da dukan magungunanta, ta tabbata an rubuta a katinta cewa tana da asma. Ya kamata a duba asmar kowane mako 4 zuwa 6. Kafin kowane awo ta yi wa kanta tambayoyi huɗu game da watan da ya wuce:

1. Tari ko fito ko ɗaurewar ƙirji sun zo fiye da sau biyu a mako?
2. Asma ta tashe ta daga barci?
3. Ta ɗauki mai buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako?
4. Asma ta hana ta wani aikin da ta saba?

In amsar ko ɗaya ta zama i, to, asmar ba ta dannu sosai ba, sai ta gaya wa likita ko malamar asibiti. Cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwanni suna yin awo, kuma su ke tura wadda ciwonta ya fi ƙarfinsu gaba. A cikin Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Jimeta kuma akwai Asibitin Ƙwararru na jiha.

Game da azumin watan Ramadan, shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya da mai cikin da ke tsoron cutuwa. Wadda likita ya ga za ta iya, sai ta shaƙi na rigakafi da sahur da bayan shan ruwa. In asma ta tashi da rana, kada ta jinkirta magani.

8. IN ASMA TA TASHI

1. A zaunar da ita a miƙe, kada a kwantar da ita. A sassauta tufafi, a kawar da taro da hayaƙi.
2. A ba ta mai buɗe ƙirji, feshi ɗaya bayan ɗaya, ta gora in akwai, kowane rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa feshi 10 in ba ta sami sauƙi ba.
3. In sauƙi bai samu ba, a tafi asibiti nan take, ana ci gaba da ba ta feshin a hanya.

Ba a jiran gari ya waye in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ta kasa gama magana da numfashi ɗaya, leɓɓa ko harshe sun canja launi, ta galabaita ko hankalinta ya fara gushewa, motsin ɗa ya ragu, ko jini ko ciwon mara ya zo. A asibiti za a ba ta iskar oksijin har ma'auninta a jini ya tsaya a kashi 95 ko sama, a ba ta salbutamol ta na'urar turara magani, da furednisolon ko allurar haidurokotison, a kuma saurari bugun zuciyar ɗa. Ko da feshin gida ya kwantar da ciwon, ta ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu.

9. NAƘUDA DA JEGO

Mai asma ta haihu a asibiti, kuma inhelarta ta kasance cikin kayan haihuwa. Ba kasafai asma kan tashi lokacin naƙuda ba, kuma ita kaɗai ba ta wajabta tiyata. Ana ci gaba da magani kamar kullum. Dalilin sanar da ma'aikata shi ne, daga cikin alluran tsayar da zubar jini bayan haihuwa akwai masu tsuke hanyoyin iska, kamar kaboforos da agometirin, alhali oksitosin ba ya yin haka. Wadda kuma ta shafe fiye da mako biyu tana shan furednisolon gab da haihuwa takan bukaci allurar haidurokotison lokacin naƙuda.

Shayarwa ba ta hana magani. Abin da ke shiga nono daga inhela bai taka kara ya karya ba, don haka a ba jariri nono zalla har wata shida kamar kowane jariri.

Zaman jego yana da nasa haɗari. A dafa ruwan wanka nesa da ɗakin mai jego, kada a hura wuta a ɗaki, turaren wuta kuma a haƙura da shi, domin huhun jaririn ma ɗanye ne. Akwai wani abin lura kuma. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a Arewa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, haki ya hana ta kwanciya, inhela kuma ba ta taimaka ba, kada a ɗauka asma ce kawai. A kai ta asibiti a duba zuciya.

10. AIKIN MAIGIDA DA 'YAN UWA

Maigida ne ya kamata ya sa kuɗin inhela cikin lissafin cefane, ya sayi sabuwa kafin tsohuwa ta ƙare. Ya koyi yadda ake ba da feshi, ya san mai motar da zai kira cikin dare, kuma ya ba da izini tun yanzu cewa ko ba ya nan a kai iyalinsa asibiti ba tare da jiransa ba. Uwar miji da sauran manyan gida, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kan mai ciki, su ƙarfafa mata gwiwa ta ci gaba da maganinta, in suna da shakka su raka ta awo su ji daga bakin likita. Unguwarzoma ta tambayi kowace mai ciki ko tana da asma, in ta ce i, ta tura ta asibiti.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Mai asma kada ta bar maganinta saboda ta sami ciki.
2. Na rigakafi kullum ake shaƙarsa, mai buɗe ƙirji kuma kada ya yi nisa da hannu.
3. A fara awo da wuri, a rubuta asma a kati.
4. A rage hayaƙi da ƙura a cikin gida.
5. Kada a sha wani magani sai da sanin likita.
6. In feshi 10 bai kawo sauƙi ba, ko motsin ɗa ya ragu, sai asibiti.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raba lafiya.